Koyon rubuta manhaja da dare: abin da tarihin makarantun gaggawa ya koya mana

Tallar ta iso salularmu a Maraɗi da Damagaram kamar yadda ta isa ko'ina: ka koyi rubuta manhajar kwamfuta da dare da ƙarshen mako, bayan wata shida ka canza sana'a. Malaman kwantaragi da albashi bai kai su ƙarshen wata suna karanta ta, haka ma iyayen da ɗansu ya gama jami'a yana zaune. Na bi tarihin irin waɗannan makarantu tun daga tushe, kuma ina ganin ya kamata a san shi kafin a fidda kuɗi.

Abin ya samo asali ne a Amurka. Bayan kamfanonin intanet da dama sun karye a shekarar 2000, ɗalibai suka ja baya daga karatun kimiyyar kwamfuta a jami'o'i. Sai ga iPhone a 2007, da kasuwar manhajojinta a 2008. Kamfanoni suka shiga neman masu rubuta manhaja ruwa a jallo, ita kuwa jami'a sai ta shekara huɗu kafin ta yaye mutum guda.

A cikin wannan ƙishirwa aka buɗe Dev Bootcamp a birnin San Faransisko a 2012. Sunan aro ne daga sansanin da ake horar da kuratan soja. A shekarar nan aka kafa Hack Reactor da App Academy, da kuma Flatiron School a Niyok. Tsarin kusan ɗaya ne: wata biyu zuwa uku, daga safe har dare, babu tarihin ilimin, babu dogon lissafi, sai abin da kamfani ke bukata yau. Kuɗin yakan wuce dala 10,000, dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba. Faransa ta biyo baya a 2013 da Le Wagon da Simplon, da makarantar 42 da attajiri Xavier Niel ya kafa a Paris, wadda ba a biya kuma babu malami a aji.

Zubin farko bai dace da magidanci ba. Mai iyali ba zai ajiye aiki wata uku babu albashi ba. Shi ya sa aka fito da zubin dare da ƙarshen mako. Le Wagon, alal misali, ta shimfiɗa karatunta na mako 9 ya koma mako 24 ga masu aiki. Da annobar korona ta zo a 2020, azuzuwan suka koma intanet, direban mota da ma'aikaciyar asibiti da malamin firamare suka samu hanyar shiga daga gida. Mu nan ba baƙon abu ba ne a gare mu babba ya zauna karatu bayan isha'i. Azuzuwan yaƙi da jahilci da makarantun dare sun riga sun nuna mana haka. Sabon abin shi ne alkawarin aiki da aka ɗora a kan karatun.

Alkawarin ne ya fara tsagewa. A 2017 Dev Bootcamp ta rufe, shekara uku bayan kamfanin Kaplan ya saye ta. A shekarar ne kuma babban lauyan jihar Niyok ya sa Flatiron ta biya dala 375,000. Makarantar tana tallar cewa kashi 98.5 cikin ɗari na ɗalibanta sun samu aiki, ba tare da ta fayyace cewa ta haɗa da masu aikin wucin gadi da masu zaman koyon aiki a lissafin ba.

Sai Lambda School, wadda aka kafa a 2017, ta zo da dabara mai daɗin ji: kada ka biya komai yanzu. In ka samu aikin da ya kai dala 50,000 a shekara, ka riƙa ba da kashi 17 cikin ɗari na albashinka har shekara biyu, iyakar abin da za a karɓa dala 30,000, wato sama da miliyon 15 na sefa. A watan Afrilun 2024 hukumar kare masu cin bashi ta Amurka ta hukunta makarantar, wadda ta riga ta sauya suna zuwa BloomTech. Hukumar ta ce yarjejeniyar bashi ce aka ɓoye sunanta, kuma makarantar na tallar cewa kashi 71 zuwa 86 na samun aiki alhali lissafinta na cikin gida ya nuna kusan rabi ne.

Maƙwabtanmu ma sun ɗanɗana. Andela ta fara a Legas a 2014, tana ɗaukar matasa, ta horar da su tana biyansu, sannan ta haɗa su da kamfanonin ƙetare. A 2016 gidauniyar mai Facebook da matarsa ta jagoranci zuba mata dala miliyon 24. A watan Satumban 2019 ta sallami sabbin hannu wajen 400 a Najeriya da Kenya da Yuganda, ta ce masu ba ta aiki ƙwararru suke nema.

Daga ƙarshen 2022 kasuwar kanta ta juya. Meta ta sallami ma'aikata 11,000, Google 12,000, Microsoft 10,000. A daidai lokacin ChatGPT ta fito, kuma ƙananan ayyukan da ake ba sabon hannu suna cikin waɗanda irin wannan na'ura ta fi saurin yi. Kamfanin 2U, wanda ya sayi Trilogy a kan dala miliyon 750 a 2019 don gudanar da irin waɗannan kwasa-kwasai da sunan jami'o'i, ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2024.

Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, kasuwa ce ta ba ɗaliban farko aiki, ba makaranta ba. Lokacin da kamfanoni ke ƙishirwa, mai karatun wata uku ya shiga. Da suka ƙoshi, karatun bai canza ba, amma ƙofar ta ƙuntace. Wannan ba ya nufin ilimin banza ne. Mutane da yawa sun sauya rayuwarsu ta wannan hanya, kuma wanda ya iya gina shafin intanet ko tsara lissafin shago a kwamfuta yana da abin yi ko a nan gida. Amma makaranta ba ta da ikon yin alkawarin abin da ba ya hannunta.

Saboda haka zubin dare ya fi mini na yini, don mutum bai saki reshe ya kama ganye ba. Malam, riƙe allinka har sai sabon aikin ya zo hannu. Ka fara da darussan kyauta irin na freeCodeCamp wata ɗaya ko biyu, ka ga ko zuciyarka na son abin, kuma ko wuta da intanet na unguwarku za su bar ka ka yi awa biyu kowane dare.

Ku kuma iyaye, kafin ku sayar da rago ko ku taɓa kuɗin adashi, ku yi wa mai makarantar tambaya uku. Mutum nawa suka fara bara, nawa suka gama? Cikin waɗanda suka gama, nawa ke aiki mai albashi, ba zaman koyon aiki ba? In yaro ya tsaya a tsakiya, nawa za a bi shi bashi? Ku nemi amsar a rubuce, ku kuma nemi ganawa da tsofaffin ɗalibai biyu da ku kuka zaɓa. Waɗannan ne tambayoyin da hukumomin Amurka suka yi wa Flatiron da BloomTech, amma sai bayan ɗalibai sun riga sun sa hannu.