Kawuna ba ya cikin lissafi: tarihin gwajin korona kamar yadda na gan shi daga Gure

Ranar 19 ga Maris 2020 ministan lafiya na lokacin, Dokta Idi Illiassou Maïnassara, ya ba da sanarwar an samu mutum na farko mai ɗauke da korona a Nijar. Ɗan shekara 36 ne, ya dawo Yamai daga tafiyar da ta bi da shi Lome, Akra, Abijan da Wagadugu. Ina ajin ƙarshe a lise a nan Gure. Aka rufe lakwal, aka rufe filin jirgin Yamai da na Damagaram, aka hana sallar jam'i. Kafin watan ya ƙare Yamai ta shiga dokar hana fitar dare, a Mirya kuwa matasa suka yi arangama da jami'an tsaro a kan rufe masallatai.

A majalisar ƙofar gidanmu tambaya ɗaya ce ke yawo: "Kai ka taɓa ganin mai koronar nan da idonka?" Ba wanda ya taɓa gani. Da yawa suka ce ai ciwon Turawa ne, wasu suka ce dabarar cin kuɗi ce. Ni ma na yi dariyar tare da su. Sai daga baya na gane ba yadda za a yi mu gan shi, tunda abin da ke nuna shi ba ya garinmu.

A farkon annobar gwaji iri ɗaya ake dogara da shi, wanda ake kira PCR. Ana zura tsinke mai auduga can cikin hanci, a saka shi a kwalba, a ajiye cikin sanyi, a kai ɗakin bincike mai na'ura da wutar lantarki da ƙwararrun ma'aikata. Cibiyar da ta ɗauki wannan aiki tun farko ita ce CERMES da ke Yamai. To daga Gure zuwa Damagaram wajen kilomita 170 ne, daga Damagaram zuwa Yamai kusan 900. Kwalbar mutumin Gure sai ta yi tafiyar fiye da kilomita dubu cikin zafin bazara kafin a ce masa e ko a'a. Daga baya an faɗaɗa gwajin zuwa wasu manyan birane, amma mutumin Kelle ko Bune har yanzu da sauran tafiya a gabansa.

Ranar 3 ga Mayu 2020 ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar ya rasu a Yamai, gwamnati ta tabbatar korona ce. Haifaffen Tasker ne, wadda har zuwa 2011 tana cikin gundumar Gure, don haka mutuwar ta taɓa mutane a nan. An san abin da ya kashe shi saboda an auna shi.

Cikin wannan azumin kawuna ya kwanta. Ɗan kasuwa ne, yana sarin kanwa da dabino yana kaiwa kasuwanni irin su Gidigir. Zazzaɓi ya fara masa, sai tari, sai ya ce ba ya jin ɗanɗanon kunun shan ruwa. Kwana na biyar muka kai shi wurin likita. Majo ya soki yatsarsa, ya ɗiga jini a kan ɗan farin allon gwajin zazzaɓin cizon sauro. Kafin minti ashirin layi ɗaya ya fito, ma'ana babu.

Na ce, "Likita, ko za a auna shi ciwon nan da ake faɗa?"

Ya ce, "Ƙanena, da me? Wannan sai an aika can. Ku raba masa ɗaki, ku rufe hancinku."

Ban ga laifinsa ba, abin da ke hannunsa ya yi aiki da shi. Bayan kwana huɗu numfashi ya gagari kawu, ya rasu da asuba. Allah ya jiƙansa. Ba zan ce korona ce ba, ba kuma zan rantse ba ita ba ce. Abin da ke damuna har yau shi ne, ciwo ɗaya an ba mu amsarsa muna tsaye, ɗayan kuma ba a ma samu damar yin tambayar ba.

Ba mu kaɗai ba ne. A Kano cikin Afrilun wannan shekara masu haƙar kabari ne suka fara faɗa wa duniya cewa mutuwa ta yi yawa, a daidai lokacin da ɗakin gwajin birnin ya tsaya da aiki na wasu kwanaki. Da gwamnatin Najeriya ta bincika, sai bin gidaje aka yi ana tambayar iyalai yadda mamacin ya yi jinya. A watan Yuni ministan lafiyarsu, Osagie Ehanire, ya ce cikin mutum 979 da aka bi diddigi, rabi ko fiye mai yiwuwa korona ce. Har can ma "mai yiwuwa" aka tsaya.

Gwajin gaggawa na korona, mai kama da na cizon sauro, ya samu amincewar Hukumar Lafiya ta Duniya a watan Satumba 2020. Shi ma da tsinken hanci ake yi, amma ba ya bukatar na'ura ko wuta, kuma cikin minti 15 zuwa 30 an ga layi. Bai kai PCR kaifi ba, ya fi kama ciwon a makon farko. Ranar 28 ga Satumba hukumar ta sanar cewa kamfanonin Abbott na Amurka da SD Biosensor na Koriya ta Kudu za su tanadi guda miliyan 120 don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kowanne bai wuce dalar Amurka biyar ba, wato kusan jaka uku a kuɗinmu. Miliyan 120 a baki da yawa, amma a raba wa ƙasashe fiye da ɗari a ga abin da zai rage wa ɗakin shan magani na ƙauye. A Ingila kuwa, a Afrilun 2021 aka ba kowa damar karɓar nasa kyauta ya auna kansa a gida sau biyu a mako. Ni ban ga gwajin da idona ba sai da na tafi Damagaram karatu, kawu ya fi shekara a ƙasa.

A watan Oktoba 2021 ofishin hukumar na Afirka ya yi ƙiyasin cewa cikin mutum bakwai da suka kamu a nahiyar, ɗaya kawai aka gano. Lissafin Nijar gaba ɗaya bai kai mutum dubu goma ba, mamata ɗari uku da ƴan kai. Na yarda ciwon bai yi mana ɓarnar da ya yi wa Turai ba, domin kusan rabin al'ummarmu yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, shi kuma tsofaffi ya fi kayarwa. Amma wancan adadi na waɗanda aka auna ne kawai.

Abin da ya fi ba ni mamaki da nake karatun wannan tarihi shi ne, Nijar ba baƙuwa ba ce a harkar gwajin gaggawa. Ita CERMES ɗin tun asali don binciken sanƙarau da tsargiya aka kafa ta. Bayan manyan annobar sanƙarau irin ta 1995, masu bincikenta tare da cibiyar Pasteur ta Faransa sun haɗa ɗan tsinken takarda da ake tsomawa a ruwan ƙashin bayan majinyaci, cikin kamar minti 15 ya nuna nau'in ƙwayar. An wallafa sakamakon a 2006, kuma an yi shi ne musamman don wuraren da ba wuta ba na'ura, irin namu. Senegal ma ta buɗe masana'antar irin waɗannan gwaje-gwaje a Dakar a 2020, mai suna DiaTropix. Ke nan ilimin yana nan kusa. Abin da ya rage shi ne kuɗi da niyyar da za su sa, in wani sabon ciwo ya ɓullo, majo na Gure ya samu gwajinsa a watan farko, ba sai masu kuɗi sun gama saye ba.

Ranar 5 ga Mayu 2023 hukumar ta ce korona ta daina zama annobar gaggawa ta duniya. Mutane sun manta, takunkumin hanci ya koma maganin ƙura. Ina roƙon ƴan'uwana na wannan ƙungiya, kowa in ya koma gida hutu ya tambayi iyaye da kakanni: wa ya rasu a unguwa da tari da sarƙewar numfashi tsakanin bazarar 2020 da sanyin 2021? Mu rubuta shekarunsa, garinsa, kwana nawa ya yi jinya, da ko an auna shi. Kada mu ɗora wa kowa sunan ciwon da ba mu tabbatar ba. Ni na buɗe littafi, sunan kawu ne a shafin farko, kuma innata ta riga ta ƙara mini mutum biyu daga layinmu.