Daga Onikan Zuwa Gidan Kallo: Tarihin Masu Bin Wasan Ƙarshe a Palladan

Duk ƙasar da ƙwallo ya samu gindin zama, ba a rasa mutanen da suka ware rana guda a shekara ba sa haɗa ta da komai, wato ranar wasan ƙarshe na cin kofi. A Ingila, tun 1923 filin Wembley ya zama matattarar irin waɗannan mutane. A Amurka akwai wasu dattawa ƙalilan da ba su taɓa fashin zuwa wasan Super Bowl ba tun da aka fara shi a 1967. Palladan da Samaru da Sabon Garin Zariya ma suna da nasu. Bambancin shi ne, wasan da suke jira da wurin da suke kallonsa sun yi ta sauyawa cikin shekara tamanin, kuma kowane sauyi yana da dalilinsa.

Mafarin labarin shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo ya ratsa Zariya a 1911, Sabon Gari ya kafu a gefen tasha, ya cika da ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa, yawancinsu daga kudu. Su da 'yan makarantar boko da sojoji ne suka yaɗa tamaula a garin. Can yamma kuma Samaru ta fara da tashar binciken aikin gona, kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sannan Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta biyo baya a 1964. Palladan, da ke kan hanyar Sakkwato tsakanin Sabon Gari da Samaru, ta zama mazaunin ma'aikata da ɗalibai da 'yan haya daga ko'ina a ƙasar nan. Mutane ne masu albashi da hutun ƙarshen mako da akwatin rediyo, kuma kowa ya zo da ƙungiyar garinsu a zuciya.

Kofin da suke jira kuwa a Legas aka haife shi. A 1945 Gwamna Arthur Richards ya ba da shi, aka kira shi Kofin Gwamna, ƙungiyar Marine ta fara ɗauka. A shekarun farko ƙungiyar Reluwe ta Legas ce ta fi kowa cin moriyarsa, abin da ya isa ya sa ma'aikacin tasha a Sabon Gari ya ɗauki gasar tamkar tasa. A 1953 ƙungiyar Kano ta doke Dynamos ta Legas da ci 2 da 1, ta zama ta farko da ta fitar da kofin daga Legas. Bayan samun 'yancin kai aka san shi da sunan Kofin Ƙalubale, sunan da dattawa ke kiransa da shi har yau.

A wancan zamani zuwa wasan ƙarshe ba ƙaramin aiki ba ne. Ana buga shi a filin Onikan da ke Legas, daga baya kuma a Babban Filin Wasa na Ƙasa da ke Surulere. Daga Zariya tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, sai mutum ya kwana a jirgi, ya ratsa Kaduna da Minna da Jebba da Ilorin da Ibadan. Wanda ya iya zuwa ya dawo da labarin da za a yi wata guda ana sauraro. Mafi yawan masoya kuwa a gindin rediyo suke halartar nasu wasan, suna jin muryar Ishola Folorunsho ko Ernest Okonkwo. Amma da mai tafiya da mai sauraro, kowa ya san inda za a yi, ya kuma san shekara ba za ta fita ba sai an yi.

Abin da ya ƙara ɗaure zuciyar 'yan Arewa ga kofin shi ne baƙin cikin rashinsa. Daga 1951 zuwa 1974 ƙungiyoyin Jos sun yi ta kaiwa wasan ƙarshe suna dawowa hannu rabbana. Wanda aka fi tunawa shi ne na 1972, inda Mighty Jets ta farke ƙwallo biyu dab da tashi, ta yi canjaras 2 da 2 da Bendel Insurance. Aka sake karawa a filin Liberty na Ibadan, Bendel ta yi nasara da ci 3 da 2. A 1987 Ranchers Bees ta Kaduna, wadda ita ce ta kusa da Zazzagawa, ta kai wasan ƙarshe ta sha kashi a hannun Abiola Babes. Sai a 1989 BCC Lions ta Gboko ta karya wannan ƙofi a Bauchi, bayan shekara 36 Arewa na jira.

Daga nan ƙofa ta buɗe. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ɗauka a 1991 da 1992, Wikki Tourists ta Bauchi a 1998, Plateau United a 1999, Niger Tornadoes a 2000. Wasan ƙarshe ma ya fara yawo a jihohi. A 2010 Kaduna United ta doke Enyimba da bugun fenareti a filin Sani Abacha na Kano. A 2018 Kano Pillars ta zura ƙwallo uku a ragar Rangers a Asaba, aka farke su duka, aka kuma doke ta a fenareti. Shekara ta zagayo, Sai Masu Gida, wato Pillars ɗin, suka huce haushi a kan Niger Tornadoes a filin Ahmadu Bello na Kaduna. Daga Palladan zuwa can tafiyar kilomita 80 ce ko ɗoriya kaɗan: mutum ya hau mota a Kwangila da hantsi, ya kwana a gidansa.

Abin mamaki, lokacin da kofin ya matso kusa shi ne lokacin da hankalin jama'a ya yi nisa da shi. Tun tsakiyar shekarun 1990 tauraron ɗan'adam ya fara kawo wasannin Turai kai tsaye. Nwankwo Kanu ya koma Arsenal a 1999, Mikel Obi ya koma Chelsea a 2006, matasa suka bi su. Gidajen kallo suka bazu a lungunan Samaru da Palladan da Sabon Gari: rumfar kwano, bencina, janareta, da allo a ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli. Yaron da aka haifa bayan 1990, idan aka ce masa wasan ƙarshe, Gasar Zakarun Turai ce ke faɗo masa a rai. Zai ba ka labarin yadda Barcelona ta doke Arsenal a 2006, da fenaretin Manchester United da Chelsea a Mosko a 2008, da daren da Mikel ya ɗaga kofi a Munich a 2012. Yana da bencinsa, yana da abokan musunsa, kuma bai taɓa fashi ba.

Ba talabijin kaɗai ce ta jawo haka ba. Kasuwa tana ci ne saboda an san ranarta da wurinta. Wasan ƙarshe na Turai ana sanin garinsa da ranarsa fiye da shekara guda kafin lokaci, a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Namu kuwa sunansa ma bai zauna ba: ya zama Kofin Coca-Cola a 1999, Kofin Tarayya a 2009, Kofin Aiteo a 2017, sannan Kofin Tarayya na Shugaban Ƙasa a 2024, shekarar da El-Kanemi ta sake ɗauka a Onikan. Wata shekara a yi shi da damina, wata da kaka. Ga tsadar mota, ga fargabar hanya. Mai albashi ba ya iya ajiye kuɗi da neman hutu saboda ranar da bai sani ba.

Saboda haka masu bin wasan ƙarshe ba su ƙare a Palladan ba, wurin zama suka sauya. Idan Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya tana son ta sake ganin su a fili, to ta tsayar wa kofin suna ɗaya da wata ɗaya, ta sanar da garin da za a yi wasan tun farkon kakar wasa, ta kuma riƙa kawo shi Kaduna da Kano a kai a kai. Dattawa kuma su riƙa ɗaukar 'ya'yansu zuwa fili, ko da wasan cin kofin jiha ne, domin yaron da bai taɓa shiga filin wasa ba, ba zai girma ya yi tattaki saboda kofin ƙasarsa ba.