"Ba a dawo da kaya": wa ya koya mana wannan magana?

1/ Jama'a, ku ba ni aron hankalinku. Gwanjo nake sayarwa ta WhatsApp da Facebook daga nan Talata Mafara. Na daɗe ina rubuta "ba a dawo da kaya" a ƙasan kowane hoto, ina ji da kaina wai na iya kasuwanci. Wata abaya ce ta sa na goge shi. Ga zare.

2/ Wata baiwar Allah a Bakura ta ga abayar a hoto, ta turo kuɗi, na ba direba a tasha ya kai mata. Da yamma sai ga saƙon murya: akwai ƙunar dutsen guga a ƙarƙashin hannu. Wallahi ban gani ba. Na tura mata dokata, na kife waya.

3/ Kakata tana gefe tana jin komai. Ta yi shekaru tana dillanci gida-gida. Ta ce, "Ke kishiya, matar ga ta taɓa rigar da hannunta kafin ta biya?" Na ce a'a. Ta ce, "To cinikin biri a sama kunka yi. Mu da munka yi dillanci, ba haka munka gada ba."

4/ Ga yadda suke yi. Matan aure ba sa fita kasuwa, don haka dillaliya ce kasuwarsu. Ta ɗauko zane ko riga daga wannan gida ta ajiye a wancan. Kaya ya kwana, a gwada, a nuna wa maigida. In an ce albarka ta kwashe abinta, in ciniki ya faɗa ta karɓi la'ada.

5/ Kun lura? Dawo da kaya yana cikin tsarin tun farko. Dillaliyar da ta ɓoye yaga ko kuɗin-cizo, an rufe mata ƙofar gidan ke nan, kuma kafin Talata ta zagayo labari ya gama unguwa. Jarinta na gaskiya shi ne a yarda ta shiga gida.

6/ A kasuwar Talata, wadda garinmu ya samo sunansa daga gare ta, lissafin daban ne. Mutumin Maradun ko Bakura zai ɗaga riga a rana, ya duba ɗinki, ya ja wuya, ya taya. Gani ya kori ji. Wanda ya duba da idonsa ya biya, da wuya ya dawo da ƙorafi.

7/ To gwanjon kansa daga ina? Yawanci tufafi ne da aka sa aka ajiye a Turai, Amurka da Asiya. A tantance, a matse su cikin dila, a loda a jirgin ruwa. 'Yan kudu na ce masa okirika, sunan wani garin bakin ruwa a jihar Ribas.

8/ Najeriya ta hana shigo da gwanjo tun shekarun 1970 don kare masaƙun gida. Bai daina shigowa ba, hanya ya sake. Ya sauka a Kwatano, wani ya biyo ta Nijar, ya tsallako iyaka, ya cika kasuwanni irin su Ƙofar Wambai a Kano, daga nan ya iso gare mu.

9/ A nan matsalar take. Kayan da ya shigo ta bayan gida ba shi da wurin kai ƙara. Dila a ɗaure ake sayenta. Ka yanke ɗauri ka tarar da rabi tsumma, sai dai haƙuri. Babba ya tura wa ƙarami asara, ƙarami ya tura wa mai saye. A ganina nan "ba a dawo da kaya" ta samu gindin zama.

10/ Da aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, dila ta yi tsada. A Satumbar 2021 kuma gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako saboda matsalar tsaro, aka katse layukan waya. Ba kasuwa, ba intanet. Jari ya karye, kowa ya ƙara riƙe sisinsa.

11/ Na faɗi wannan ne don ku san ba mugunta ce zalla ba. Mai ƙaramin jari in aka dawo mata da riga uku, ribar mako ta tafi, ga kuɗin mota. Na san zafin. Amma tambayar kakata ta hana ni barci, sai na kai ta wurin malaminmu na Islamiyya.

12/ Ya buɗe Risala, littafin fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu. Mawallafinsa Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, a Tunisiya ta yau, ya rasu a shekarar 996. Sama da shekara dubu ke nan, amma kamar yana kallon wayata.

13/ A taƙaice abin da malam ya fassara min: ya halatta a sayar da abin da ba ya wurin in an siffanta shi. Har kayan da ke ɗaure cikin dila ana iya saye bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki. Amma tufar da ba a warware ba, ba a kuma siffanta ba, cinikinta bai halatta ba.

14/ Ya ƙara da cewa in mai saye ya tarar da aibin da ba a faɗa masa ba, yana da zaɓi: ya riƙe ko ya mayar. Wanda kuwa ya yi nadama kawai, ba dole a karɓa ba, amma karɓar alheri ce mai lada. Ita ake kira iƙala.

15/ Dokar ƙasa ma ta bi sahu. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mutum damar mayar da kayan da bai samu dubawa ba kafin a kawo masa, in ya saɓa da abin da aka bayyana. Rubutuna a ƙasan hoto bai soke wannan ba.

16/ Washegari na kira matar Bakura. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, laifina ne." Ta ba direba abayar, na mayar mata da kuɗinta, na biya kuɗin mota. Na yi asara a ranar. Bayan sati biyu ta turo ƙanwarta da maƙwabciyarta.

17/ Yanzu ga tsarina. Ina ɗaukar bidiyo a hasken rana, gaba da baya da ciki. Ina auna tsawo da faɗi da tef. Duk tabo ina nuna shi, in rage kuɗi. Mai saye tana da kwana ɗaya bayan kaya ya isa ta yi magana.

18/ In aibin da ban faɗa ba ne, kuɗi da kuɗin mota duka a kaina. In bai yi mata daidai ba bayan na ba da awo, mu yi musanya, mota a kanta. In an sa an je biki, an dawo da shi yana ƙamshin turare, to Hajiya, sai dai haƙuri.

19/ Kakata ta ji ina karanto wannan tsari, ta yi dariya ta ce, "Ashe dillanci kika koma, wayar ce kawai ƙari." 'Yan'uwana masu gwanjo na Mafara, Bakura da Maradun, ku ya kuke yi in an dawo muku da kaya? Ina jiran ku a ƙasa.