Tatsuniyoyin Ban Tsoro a Ƙasar Gaya

Tatsuniyoyin ban tsoro rukuni ne na adabin baka da ake bayarwa da dare a garuruwa da ƙauyukan Gaya da Ajingi, a gabashin Jihar Kano, kamar yadda ake yi a sauran ƙasar Hausa. An fi yin su da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, bayan an kai amfanin gona rumbu, lokacin da kakanni da iyaye mata kan tara yara a ɗaka ko a bakin wuta, domin al'ada ta hana yin tatsuniya da rana.

Manyan taurarinsu su ne Dodo, halitta mai cin mutane, da fatalwa, wato mamacin da aka yi imani yana dawowa ya firgita masu rai, da maye, wanda ake cewa yana kama kurwar mutum har ya yi ta ciwo, sai kuma aljanu waɗanda ake dangantawa da tsamiya da kuka da tsofaffin rijiyoyi. Tsoron da ke cikinsu hanyar tarbiyya ce, don yana hana yaro yawon dare da saɓa wa manya.

Gaya tana da matsayi a tarihin baka, inda aka ce maƙeranta ne suka ƙera wa Bayajidda wuƙar da ya kashe macijin rijiyar Kusugu a Daura.