Mai Ba da Labari a Gaban Kyamara: Shaihu Umar da Isnadin Fim

Akwai wata ƙa'ida da masu koyar da fim ke yawan maimaitawa: idan za a mayar da littafi fim, a kori mai ba da labari, hoto ya yi magana da kansa. Wannan ƙa'ida ba ta dace da kunnen Bahaushe ba, kuma fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, ya isa hujja.

Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta littafin ne don gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933. Tsarinsa na zaure ne: malami Umar na zaune a Rauta, almajirai suka tambaye shi asalinsa, ya ɗauko daga Kagara, ya bi ta bauta da hamada har ƙasar Masar. Halilu bai rushe zauren ba. Da wannan zama fim ɗin ya buɗe, don mai kallo ya san cewa duk abin da zai gani daga bakin mutum ya fito.

A nan ne ɗinkin labarin ya fito fili. Umar yana ba da labarin wahalar da mahaifiyarsa ta sha wajen nemansa, alhali ba ya wurin. A takarda, mai karatu kan wuce wannan ba tare da ya tsaya ba. Kyamara kuwa ba ta iya cewa "an ce". Abin da ta nuna, kamar ta rantse ne ta gani. Wasu za su kira wannan rauni. Ni ina ganin zauren ne ya ceci fim ɗin, domin ya mayar da hoton ruwaya. Wanda ya zauna gaban malami ya san ba a karɓar magana sai da isnadi, kuma darajarta tana ga wanda ya ɗauko ta, ko da shi ma ji ya yi.

Yaron da ke kallon fim a waya a Safo, cikin gundumar Madarumfa, bai buƙatar a koya masa wannan. Tun yana goye yake jin "ga ta nan ga ta nanku", wato sanarwa ce cewa abin da ke tafe shiri ne, kuma sanin hakan bai taɓa hana shi tsoron Dodo ba. Abubakar Imam ma aku ya ɗora wa labaran Magana Jari Ce. Saboda haka lokacin da Wes Anderson ya mayar da labarin Henry Sugar na Roald Dahl fim a 2023, 'yan wasa na karanto labarin suna duban kyamara, ana ture bangon ɗaki a gaban ido, abin da aka yaba a matsayin sabon salo tsohon abu ne a wurinmu.

Sai dai ba kowane ɗinki a fili ne isnadi ba. Waƙa da rawar da finafinan Kano suka aro daga Indiya su ma suna tuna wa mai kallo cewa wasa ne, amma ba su faɗa masa wa ke magana ba. Bambancin ya fito sarai ga wanda ya kalli Shaihu Umar bayan an gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018: ko ayarin ya yi nisa cikin yashi, mai kallo bai manta da almajiran da ke zaune a Rauta suna sauraro ba.