Kwalin Waƙa a Magarya da Dungas: Yadda Takarda Ta Zama Shaidar Mai Murya

A makarantun koyon aikin jarida da sadarwa, irin ta Yamai ko Jami'ar Bayero a Kano, ɗalibi kan gamu da aikin tsara kwalin kundin waƙoƙi da tallarsa a shafin mujalla. Misalan da ake ɗora darasin a kansu yawanci daga Landan da New York suke, inda kwali ya girma tare da faifai, mujalla kuma ta girma tare da kwali. A gundumomin Magarya da Dungas na jihar Damagaram al'amarin bai bi wannan hanya ba. Waƙa ta daɗe tana yawo a kasuwanninsu ba tare da takarda ba, kuma da bugaggiyar takarda ta iso, ta hanyar Kano ta biyo, a jikin kaset ɗin fim. Babban aikinta a nan shi ne shaida: ta faɗi mai waƙa, ta nuna wanda ya kamata kuɗi su je hannunsa. Ado a baya ya zo. Wanda bai fahimci wannan ba zai iya zana kwalin da zai burge malaminsa, amma ba zai yi wa mawaƙi amfanin komai ba a kasuwar Wacha ko ta Dogo-Dogo.

Kafin takarda, baki ne ke ɗauke da suna. Makaɗin fada irin Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram bai bukaci a buga hotonsa ba, domin inda yake tsayawa ya yi waƙa shi ne shaidarsa, sanƙira kuma yana gaba yana shelar wanda ake yi wa da wanda yake yi. Mawaƙan Hausa sun saba saka sunansu da na garinsu da na ubangidansu a cikin waƙar kanta, ta yadda duk inda ta je da sunan za ta je. Da rediyo ya zo sai mai gabatarwa ya karɓi aikin sanƙira. An buɗe Rediyon Nijar a 1958, na Kaduna kuma a 1962, kuma mutumin Magarya yana kama su duka biyun, domin iyakar da Turawan Faransa da na Ingila suka shata tsakanin 1906 da 1908 ba ta tare iska. Masanin nan William Miles, wanda ya kwatanta ƙauyen Yekuwa na ƙasar Magarya da Yardaje na ƙasar Daura a littafinsa na 1994, ya nuna yadda mulki biyu ya raba jama'a ɗaya a harkar sarauta da makaranta. A harkar kiɗa kuwa kunnen bai rabu ba. Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Haruna Uji sun shiga gidajen yankin tun mutane da yawa ba su taɓa ganin fuskarsu ba.

A can ƙasashen Turawa ma kwali bai zo tare da faifai ba. Faifan garmaho na farko, mai ɗaukar minti uku ko huɗu a kowane gefe, a cikin takarda mara zane ake sayar da shi. Sai a 1940 wani matashin mai zane na kamfanin Columbia a Amurka, Alex Steinweiss, ya fitar da kundin faifai mai hoto a bango, ciniki kuma ya nuna dabarar ta biya. A 1948 kamfanin ya fito da dogon faifai, wanda kwalinsa ya kai kusan santimita 31 a kowane gefe, fili isasshe ga mai zane ya baje basirarsa. A Legas, Lemi Ghariokwu ya mai da wannan fili dandalin siyasa, inda ya zana wa Fela Kuti kwalaye 26 tun daga 1974. Kiɗan Hausa ma ya hau irin wannan faifai, amma a dubi yadda ya hau. Kamfanin Ocora na Faransa ya fitar da kiɗan maroƙan Nijar da Tolia Nikiprowetzky ya naɗa a farkon shekarun 1960, David Ames kuma ya naɗi kiɗan Hausa a ƙasar Zazzau aka buga shi a Jamus. Waɗannan faya-fayai sunan ƙasa ko na al'umma ke samansu, bayaninsu da Faransanci ko Ingilishi, domin don mai sauraro na Turai aka yi su. Faya-fayan da EMI ya buga wa Shata da Ɗan Maraya Jos su ne suka sa fuskar mawaƙi a gaba, sai dai na'urar juya su kayan mai hali ce a birni. Zamanin babban kwali ya zo ya wuce bai sauka a karkarar Damagaram ba.

Abin da ya sauka shi ne kaset. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, kuma a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur suka cika kasuwannin Najeriya da kayan Japan, rakoda mai aiki da batir ta zama abin da ɗan ci-rani ke dawowa gida da ita. Hanyoyin da gyaɗar Magarya ta riƙa bi zuwa tashar jirgin ƙasa ta Kano su ne kaset ya biyo zuwa arewa, ta Ɓaɓura da Baure da kasuwar Maigatari. A ranar kasuwa mai kaset kan kafa teburinsa, ya jera kaya, ya ɗora lasifika, ya saki waƙa da ƙarfi. Mai saye ya tsaya ya saurara, ya ce a juya masa ɗaya gefen, in ta yi masa a naɗa masa a sabon kaset na minti 60 ko 90, mai tebur ya ɗauki biro ya rubuta sunan makaɗi a ƴar takardar da ke manne a jiki, wani lokaci da boko, wani lokaci da ajami. Wannan layi ɗaya na biro shi ne kwalin waƙa na farko da akasarin mutanen yankin suka riƙe a hannu. Makaɗi ba ya samun ko sisi daga wannan ciniki, amma bai cika damuwa ba, domin abincinsa yana wajen biki da hawan salla da kyautar masu hali. Kaset ɗin kansa talla ce: yawan yaɗuwarsa, yawan gayyatar da za a yi masa.

Fim ne ya sauya lissafin. Bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, sana'ar ta bunƙasa, kuma mai shirya fim ba shi da wajen biki da zai je ya mai da kuɗinsa. Dole kaset ya biya shi, alhali kowa na iya kwafar kaset. Mafitar da aka samu a kasuwar Ƙofar Wambai ita ce wadda Brian Larkin ya bayyana a littafinsa na 2008: furodusa ya kai wa ɗan kasuwa uwar kaset, shi kuma ya je maɗaba'a ya bugo kwalaye masu launi ya riƙa sayar masa. Ɗan kasuwa ne ke sayen kaset mara komai ya kwafa, amma ba zai fitar da kaya a matsayin na gaskiya ba sai a cikin kwalin furodusa. Ta haka haƙƙin mallaka ya tashi daga abin da aka naɗa ya koma kan takardar da aka naɗe shi da ita. Yawan kwalin da aka saya shi ne ma'aunin cinikin fim, kuma buga kwalin jabu shi ne satar da ta fi ciwo. Wannan ne ya kafa salon da ya mamaye teburan Magarya da Dungas: fuskokin taurari a cunkushe, suna da manyan haruffa masu kauri, launi mai ɗaukar ido daga nesa, sunan kamfani da adireshinsa a ƙasa. Waƙoƙin fim, musamman bayan fim ɗin Sangaya a 1999, sun riƙa fita a kaset ɗinsu daban, sanye da irin wannan riga.

Mujalla ta biyo baya don ta yi wa wannan kasuwa hidima. Talla da Hausa a takarda tsohuwa ce, tun Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, amma mujallar nishaɗi sai a ƙarshen ƙarni ta samu: Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji a Kano a 1998, sai Fim ta Ibrahim Sheme a Kaduna a 1999. Tallar da ke shafukansu kusan kwalin ne aka faɗaɗa, aka ƙara da sanarwar yana nan tafe. Sai dai tsarin ya zo da wani rashin adalci da ya shafi mawaƙa kai tsaye. Fuskar da ke kan kwali da shafin mujalla ta ɗan wasan da ya motsa baki ce, masu muryar kuwa, irin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha, suna ɓoye a sitidiyo. Takardar da ta kare furodusa ita ce ta rufe mawaƙi. Sai daga baya, da mawaƙa irin Aminu Ala da Nazifi Asnanic da Nura M. Inuwa da Fati Nijar suka riƙa fitar da kundin kansu a faifan sidi, fuskar mai murya ta dawo saman kwali. Ba kwalliya suke nema ba, suna ƙwato sunansu ne.

Mai ja da wannan bayani zai ce an kambama takarda fiye da ƙima. Yawancin masu sayen waƙa a karkarar Magarya ba sa karanta boko, waɗanda suka yi lakwal kuma da Faransanci suka yi, jaridun Yamai irin Le Sahel da Faransanci suke fita, mujallar Kano kuwa ba kowa ke samunta ba. Talla ta gaskiya, in ji shi, tana lasifikar mai tebur da gidajen rediyon Damagaram da na karkara. Gaskiya ne kunne ne ke sa a sayi waƙa a wannan yanki, kuma shafin mujalla bai taɓa zama babbar ƙofar talla ba. Amma kwali ba don a karanta shi kaɗai aka yi shi ba. Wanda bai san harafi ba ya san fuska, ya san launi, ya kuma san bambancin bugun maɗaba'a mai kyau da wanda aka wanke a injin kwafi. Yadda manomi ke duba tambarin buhun taki kafin ya biya, haka mai sayen kaset ke duba kwali. Fosta da shafin mujalla kuma sukan ƙare a bangon shagon aski da ɗakin samari, inda ido ɗari ke ganin abin da mutum ɗaya ya saya. Ƙarancin karatu bai rage darajar hoto ba, ƙara ta ya yi.

Ja na biyu ya fi ƙarfi: wai wayar hannu ta binne maganar gaba ɗaya. Teburin mai kaset ya koma teburin mai tura waƙa, saurayi da kwamfuta a ƙarƙashin laima, da ƙaramin janareta ko farantin hasken rana, yana cika memori da ɗaruruwan waƙoƙi a kan kuɗi kaɗan, naira ko sefa. Daga nan waƙa ta bi Bluetooth da Xender da WhatsApp, ba kwali ba takarda. Ko da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023, kaya sun tsaya amma waƙa ba ta tsaya ba. To amma a dubi abin da ya faru da suna a wannan tafiya. Fayil kan iso waya da lamba a maimakon suna, ko da sunan wani mawaƙin daban. Lokacin da Christopher Kirkley na Sahel Sounds ya tattara waƙoƙin wayoyin Sahara ya buga su a 2011, sai da ya sha wahalar neman masu su kafin ya biya su, cikinsu har da Mdou Moctar, wanda ya naɗi kundinsa na farko a Sakkwato a 2008. Wannan matsalar ce ta sa mawaƙan yau suka koma dabarar kakanni, suna kiran sunansu da na sitidiyo a farkon waƙa. Kuma da YouTube da Audiomack da Boomplay suka shigo, kwali ya dawo a matsayin ɗan hoto mai kusurwa huɗu da ba a karɓar kundi a dandalin sauraro sai da shi. Ya ƙanƙance, amma aikinsa na haɗa murya da mai ita yana nan, kuma yanzu ta wannan hanya kuɗin sauraro ke bi.

Saura mai cewa duk wannan tarihin Kano ne, Magarya da Dungas ƴan kallo ne kawai. Lallai maɗaba'u da manyan sitidiyo suna kudu, kuma Dungas ma sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Amma kasuwa ba ta mai bugawa ba ce shi kaɗai. Mai sayen da ke tsaye a rana yana zaɓa da ido daga nesa shi ya tilasta wa mai zane a Kano manyan haruffa da manyan fuskoki, kuma masu saye na wannan gefen iyaka suna cikin waɗanda suka yi wannan tilasci. Yanzu da ake iya tsara hoto a waya, shingen maɗaba'a ya faɗi, matashi a Bande ko Guchi yana iya yi wa mawaƙin garinsu abin da a da sai an je Kano. Darasin da tarihi ya bar masa a fili yake. Fuskar mai murya ce za ta hau gaba, ba ta wani ba. Sunan ya fito da girman da za a gane shi a ƙaramin allon waya, da Hausa, wadda dokar 2025 ta ɗaga zuwa harshen ƙasa a Nijar, kuma ajami a gefe ba zai yi asara ba inda almajirai suka fi ƴan lakwal yawa. Tallar da aka tsara don shafin mujalla a yi ta yadda za ta rayu a fosta da WhatsApp, tare da taƙaitacciyar shela ta rediyo. Malamin da zai duba irin wannan aiki ya fara da tambaya ɗaya kafin ya yaba launi: in waƙar ta ratsa wayoyi goma ta isa Maigatari, wanda ya karɓe ta zai san wa ya rera ta, kuma zai san inda zai same shi?