Liyari: yadda ake gane darajar tsohon kuɗin azurfa

Liyari, wanda ake kira thaler de Marie-Thérèse da Faransanci, kuɗin azurfa ne na ƙasar Austriya da ya yi zamani a kasuwannin Sudan, Cadi, Barno da ƙasar Hausa. Har yau ana samunsa cikin kayan gado da kayan adon mata, kuma da yawa kan sayar da shi ba tare da sanin darajarsa ba.

Shekarar da ke jiki

Sarauniya Mariya Tereza ta rasu a 1780, kuma liyarin da aka ci gaba da bugawa bayan rasuwarta duk wannan shekarar yake ɗauke da ita. An buga shi a Viyana, Rum, Landan, Paris da Bombay, har gobe ma Austriya na bugawa. Saboda haka ganin 1780 ba shaidar tsufa ba ne.

Awo

Liyari na gaskiya yana da nauyin giram 28 da faɗin kusan milimita 40. Kashi 833 cikin 1,000 azurfa ce, wato giram 23.4, sauran jan ƙarfe. Maganaɗisu ba ya kama shi. A bakinsa, kewaye, akwai rubutu mai tudu.

Matakan daraja

Masu tara tsofaffin kuɗi na duba wuraren da suka fi tudu, don su ke fara shafewa: gashin sarauniya, ƙananan duwatsun da ke kan maɓallin kafaɗarta, da gashin gaggafar nan mai kai biyu da ke baya. A tsarin Faransa matakan su ne:

B: zane ya shafe, sai siffa.
TB: rubutu na karantuwa, gashi ya goge.
TTB: gogewa kaɗan a kan tudu.
SUP: kusan sabo.
SPL: bai shiga hannu ba, sai ɗan ƙarce.
FDC: kamar yau aka buga shi.

A Amurka ma'aunin Sheldon ake bi, daga 1 zuwa 70.

Abin da ke karya farashi

Huda, liƙa masa marataya da wuta, ko goge shi da toka ko lemun tsami, duk suna zubar da darajarsa. Masu saye sun fi son duhun tsufa a kan ƙyallin guga. Liyarin da aka huda galibi kuɗin azurfarsa kawai ake biya, don haka a auna shi, a tambayi farashin azurfa na ranar kafin a sallama.